Mai Amsa Sallama a Ushaikir

Ku samarin nan da kuke zama a istiraha, gidan hutun nan da muke taruwa, ranar Juma'a kuna kallona ina kurɓar shayi, na san abin da kuke faɗa idan na tashi. Kuna cewa Baba Lawali ya samu aikin hutu. Wai ya ɗauki baƙi a mota mai sanyi, ya kai su yawon buɗe ido, su ci shinkafa da rago ya sa hannu, su ɗauki hoto ya leƙo da kansa a gefe. Jiya ma ɗayanku, wanda ko unguwar Badi'a da ke nan Riyad ba ya iya zuwa sai waya ta nuna masa hanya, ya ce in koya masa sana'ar kafin wata ya ƙare. To ku matso. Ban hana kowa ba, amma sai kun fara jin yadda na yage wandona a kan katangar mutane, da furfurata a gemu.

Aikina na farko a Riyad dako ne, a kasuwar kayan gwari ta Aziziyya. Na taso daga Damagaram da ƙarfina da wautata, na yi ta ɗaukar kwalayen tumatir da buhunan albasa har wuyana ya shige cikin kafaɗa. A can wani dattijo Basudane, Ammu Siddiƙ, ya gan ni. Yana zuwa sayen lemo da ayaba na baƙinsa, kullum ya tarar ina zuba wa masu kaya surutu, kaya a ka, baki bai huta ba. Wata rana ya ce da ni, "Ya Lawali, wannan bakin naka asara yake yi a cikin albasa." Shi ya je ya yi magana da mai motar da yake tuƙawa, wani Balarabe da ake kira Abu Fahad, aka mai da iƙamata, wato takardar izinin zamana, hannunsa, ya zama kafilina, ubangidan da ya tsaya mini. Na yi murna, na ɗauka gobe zan riƙe sitiyari.

Sitiyari kuwa na daɗe ban taɓa shi ba. Abin da Ammu Siddiƙ ya fara koya mini shi ne bayan gida. Duk wani masallaci da gidan mai da ke kan hanyoyin da muke bi, sai da na san wanne ne yake da ruwa, wanne ne ƙofarsa ba sakata, wanne ne mace mai mutunci za ta iya shiga. Na ce masa ni tarihi na zo koya. Ya ce baƙon da fitsari ya matse shi, ko fadar sarki ka nuna masa ba ya ganin komai. Bayan wannan ya koya mini kayan aiki: kula cike da ruwan sanyi, buta, darduma, laima, kujera mai naɗewa saboda tsofaffi, silifas na ko-ta-kwana saboda matan da ke zuwa da takalmi mai tsini, da dabino a gwangwani saboda mai ciwon suga. Tarihin sai daga baya, a hanya, yana tuƙi yana faɗa ina haddacewa. Rabinsa gaskiya ne. Ragowar rabin, da na fara karanta allunan da ke jikin gine-ginen da kaina, na gane Ammu Siddiƙ ne ya gina shi da bakinsa.

Wurin da muka fi kai mutane shi ne Ushaikir, wani ɗan tsohon gari da ke arewa maso yamma da Riyad, tafiyar hantsi ɗaya. Garin ƙasa ne gaba ɗayansa. Lunguna ne matsattsu, wasu an rufe samansu da itace da ganyen dabino, ga tsohon masallaci, ga 'yar kasuwa mai rumfuna inda ake sayar da zuma da turare da dabino, ga gonakin dabino a bayan gari. Mutanen sun daɗe da komawa gidajen siminti, amma jikokinsu sun gyara gidajen kakanni, wasu sun mai da su gidajen tarihi. Ka shiga ka ga tabarma a shimfiɗe, butar gahawa a kan murhu, turmi, salka a rataye, tsohuwar bindiga a bango, kamar masu gidan sun je masallaci ne yanzu za su dawo.

Baƙin da na fara kaiwa can ni kaɗai wasu 'yan kasuwa ne daga Kano, su huɗu. Na kwana ina bitar jawabina. Muka isa, na buɗe musu ƙofa, na gyara murya, na nuna katanga. Babbansu ya dubi katangar, ya dube ni, ya ce, "Lawali, a jirgi fa muka zo. Gidan ƙasa za ka nuna mana?" Wani ya ƙwanƙwasa bangon da yatsa ya ce gidan kakarsa ya fi wannan yaɓe mai kyau, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukarsa hoto. Ban ƙarasa jawabin ba. Muka juyo, na kai su kasuwar zinariya, nan ne suka yafe mini.

Tun daga ranar na raba baƙi gida biyu. Turawa da mutanen gabas in kai su garin ƙasa, su yi ta shafa bango suna tambayar shekarunsa. Wani Bature ma ya taɓa nuna mini hoton garinsu a waya, wani ɗan gari mai kasuwa da tsohon gidan ibada na masu zuhudunsu, rabin rufin ya zube, amma wai layi ake bi a shiga. Na ce ashe kowa da kangonsa, sai dai wasu sun iya tallarsa. Mutanenmu kuwa in kai su dogayen benaye da manyan kantuna, inda bene ke tafiya da kansa. Na ɗauka na gama sanin sana'a, har na fara ba wa wasu shawara.

Sai shekarar korona ta zo. Jirgi ya daina sauka, aka rufe ko'ina, motar ta yi ta zama a ƙofar gidan Abu Fahad a unguwar Nasim har kyanwa ta haihu a ƙarƙashinta. Ammu Siddiƙ ya tattara ya koma ƙasarsu, ya bar mini kujera mai naɗewa da butarsa. Ni na koma Aziziyya neman dako, na tarar wuyan da ya ɗauki albasa a da yanzu ko kwalin latas ƙara yake yi. Da aka fara buɗe gari baƙi ba su dawo da wuri ba. Ran nan Abu Fahad ya kira ni, ya ba ni gahawa, wanda dama idan ya ba ka da hannunsa to ba alheri ne ke biye ba. Ya ce, "Ya Lawali, wallahi ina son ka. Amma mota ba ta cin ƙauna. In wata ya ƙare ba ka samo masu hawa na dindindin ba, zan sayar da ita in buga maka huruj, halas, shi ke nan." Huruj kun san shi, takardar fita ce wadda ba dawowa. Na ji tsoro ƙwarai, don ban ajiye komai a gida ba sai alkawura.

Ana cikin haka wani Alhaji Kabiru ya kira ni. Ma'aikaci ne a ofishin jakadanci, kuma shi ne ke shirya wa baƙin da ke zuwa musu masauki da mota. Duk direban da ya samu shiga wurinsa ya huta da neman fasinja. Ya ce mahaifinsa ya zo daga Daura an yi masa aikin ido, ya warke, yana so a fita da shi ya sha iska kafin ya koma. Ya ce, "In Baba ya ji daɗin fitar, za mu yi magana a kan sauran baƙinmu." Na ce ranka ya daɗe, akwai wani bene da ake hawa a ga Riyad duka. Ya ce a'a, Baba ya ji labarin wani tsohon gari da ayarin alhazai ke yada zango a zamanin da, can yake so. Bahaushe da gidan ƙasa, na riga na san yadda ake ƙarewa.

Malam Barau sunan tsohon. Dogo ne siriri, da baƙin tabarau irin na asibiti da sanda, ba ya son a riƙe masa hannu. A hanya carbinsa kawai yake ja. Ni kuwa na yi ta zuba tarihi, na gaskiyar da na Ammu Siddiƙ, ina tari a tsakani, don tun korona wani busasshen tari ya kama ni ya ƙi saki. Muka isa da hantsi mu uku da Alhaji Kabiru, ranar aiki ce, garin ba kowa sai mu da tattabaru. Ya shafa katangar farko, na jira ya ambaci gidan kakarsa. Sai ya ce, "Masu ginin nan sun san ƙasa." Na ji sanyi a raina, na ce yau Allah ya dube ni.

Muka zo gidan tarihi na farko, ƙofa a buɗe. Na yi gaba abina ina cewa bismillah, a shigo. Na waiwaya, tsoho yana tsaye a bakin ƙofa.

"Salamu alaikum," ya ce.

Shiru. Ya jira, ya sake. Ya jira, ya yi ta uku. Daga nan ya juya ya ce mu tafi, masu gidan ba su ba da izini ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai ba kowa a ciki. Gidan kallo ne, shiga kawai ake yi."

Ya leƙa ta ƙofar da sabon idonsa. Ya ce, "Ga tabarma a shimfiɗe. Ga buta a kan murhu. An share tsakar gida da safen nan, ga sawun tsintsiya. Gidan da ba kowa, wa ke share shi?"

Na buɗe baki zan kawo ɗan abin da na sani na addini, sai na tuna mutumin nan ya shekara hamsin yana karantar da irina. Na rufe bakin. Alhaji Kabiru ya gwada nasa, ya ce Baba ai kamar makaranta ce ko asibiti. Tsoho ya ce ko asibiti da ya je, sai da aka ce ya shigo.

Gida na gaba ma haka aka yi, sallama uku, muka juya. Rana ta fara zafi, tsoho ya zauna a kujerar Ammu Siddiƙ yana haki, bai ga komai ba sai ƙofofi. Na ji Alhaji Kabiru ya duba agogo ya ce a hankali, "Baba ya gaji. Ina ga mu koma kawai." A cikin wannan maganar na hango motata a hannun dillali, na hango kaina a filin jirgi da jaka ɗaya.

Na ce a ba ni minti kaɗan in kama ruwa, su ƙarasa gida na gaba, ga shi can mai koren ƙofa. Ina shan kwana na tattare riga na zura da gudu. Gidajen nan na san su kamar aljihuna, yawancinsu suna da ƙaramar ƙofa ta baya wajen gonar dabino. Na faɗa ciki, na haye saman soro, na naɗe bakina da rawanin da nake yafawa saboda rana. Ina jin sandar tsoho tana matsowa.

"Salamu alaikum."

Na kumbura murya yadda Abu Fahad ke yi idan yana waya da surukinsa, na ce, "Wa alaikumus salam! Tafaddalu, hayyakumullah!" Wato ku shigo, sannunku da zuwa.

Sai na ji takun sanda a cikin zaure. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba. Ta wata 'yar taga na hango Alhaji Kabiru ya ɗaga kai yana neman mai muryar, muka haɗa ido. Ya toshe bakinsa da hannu, kafaɗunsa suna rawa. Tsoho ya zaga ɗakunan a nitse, ya taɓa turmi, ya shinshina salka, ya tambayi ɗansa sunan kowane abu. Da zai fita ya ɗaga murya da Larabcinsa na littafi, ya gode wa maigida, ya tambayi dalilin da bai sauko ba. Na ce, "Ana ta'aban, ya shaikh," wato ba ni da lafiya, tari kuwa ya zo ya gaskata ni. Ya tsaya ya yi mini doguwar addu'ar samun sauƙi, ina saman soro ina amsa amin da muryar aro.

Na sauko na zagayo da gudu, na same su a lungu ina goge hannu kamar wanda ya fito daga kama ruwa. Tsoho ya ce mutanen garin nan akwai karamci. A gida na gaba na sake neman uzurin kama ruwa. Nan ma na amsa, na ɗan sirantar da muryar don kada a ce mutum ɗaya ne. Gumi ya jiƙa ni sharkaf, amma na fara jin kaina, har ina tunanin ko Ammu Siddiƙ bai taɓa yin dabara irin wannan ba.

A gida na ukun da na je amsawa ne na gamu da gamona. Ƙofar baya a kulle take. Katangar ba ta da tsawo sosai, sai na taka kututturen dabino na kama sama na ja jikina. Ina ɗaga ƙafa wandona ya ce kyat, tun daga gwiwa har inda ba a faɗa. Na dira a ciki kamar buhun albasa, daidai lokacin da sallama ta zo daga ƙofar gaba. Ban ko miƙe ba na ƙwala, "Wa alaikumus salam!"

Sai wata murya a bayana ta ce, "Min inta?" Wai kai wane ne.

Na waiwaya. Wani tsohon Balarabe ne zaune a inuwa a kan darduma, da faranti na dabino a gabansa yana tsince su. Mai gidan ne na gaske, Abu Salih, a gidan aka haife shi. Ya ga baƙin mutum ya faɗo masa ta katanga da yagaggen wando yana amsa sallama a gidan ubansa. Na ce yau ko huruj ba zan samu da mutunci ba, daga ofishin 'yan sanda za a wuce da ni. Na durƙusa, hannu ɗaya yana riƙe da wando, na yi masa bayani da Larabcina na kasuwar gwari: akwai wani shaihi daga ƙasarmu a waje, ba ya shiga gida sai an amsa masa, ni kuma in bai shiga ba aikina ya tafi.

Sallama ta biyu ta zo. Abu Salih ya saurara. Ya ce, "Izini yake nema? A wannan gidan?" Na ce eh. Sai ya ce tun da ya buɗe gidan nan ga masu kallo, mutane ke shigowa da waya a sama, wasu har su ɗauke shi hoto yana zaune kamar shi ma kayan tarihi ne, ba wanda ya taɓa tsayawa a ƙofa. Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ce da ni in ɓace masa da gani. Kafin sallama ta uku ta ƙare ya isa zaure da kansa, ya amsa, ya kama hannun Malam Barau da hannu biyu.

Butar da ke kan murhun nan, wadda na sha gaya wa Turawa cewa ta ado ce, ranar aka hura mata wuta. Tsofaffin nan biyu suka zauna suna shan gahawa, ɗaya da Larabcin littafi ɗaya da na yankinsu Najadu, suna hirar rijiyoyi da fari da hanyar alhazai ta da. Suka je tsohon masallaci suka yi azahar tare, aka kawo abinci daga sabon gari, ba mu tashi ba sai bayan la'asar. Ni ina gefe, na ɗaura rawani a ƙugu kamar zane, ina zuba gahawa ina kauce wa idon kowa.

A hanyar dawowa tsoho ya jingina da kujera har na ɗauka barci yake. Sai ya ce, "Lawali."

"Na'am, Allah gafarta Malam."

"Mutum yana da gida biyu a ƙasar Larabawa, har da bene, me ya kai shi tuƙin mota?"

Alhaji Kabiru ya fashe da dariyar da ya riƙe tun hantsi. Na fara rantse-rantse ina neman gafara, tsoho ya ɗaga hannu.

"Ido aka yi mini aiki, ba kunne ba. Tarin nan tun daga Riyad nake jin sa. Tun a gidan farko na gane ka."

Na ce to me ya sa bai tona ni ba, har ya yi mini addu'a?

"Tarin ai na gaske ne, yana bukatar addu'a. Sa'an nan ina so in ga iyakar gidajenka." Ya gyara tabarau, ya juya wajen ɗansa. "Kabiru, ka ba shi aikin. Da girmansa ya yi ta gudu a rana don kada sallamata ta tafi ba amsa. Amma ka fara saya masa wando."

Haka motar ta tsira, ni ma na tsira. Sai dai Malam Barau ya koma Daura ya ba da labari, labarin kuma ya yi yawo. Yanzu duk dattijon da aka kawo Riyad ganin likita ko ganin jikoki, ba ya son bene, ba ya son kanti. Sai ya ce a kai shi garin nan da ake amsa sallama. Sun san ni ne, suna sane sarai, amma sai su tsaya a ƙofa su ƙi motsi har sai na zagaya. Wata Hajiya ma ta ce muryar ba ta fito da kyau ba, in sake. Abu Salih ya rasu bara waccan, Allah ya jiƙansa, 'ya'yansa suka ba ni makullin ƙofar baya, suka ce babansu ya yi wasiyya kada a bar ni ina hawa katanga. Gwiwoyina dai sun riga sun tafi.

To wanda ke son sana'ar nan a cikinku, ya zo ranar Asabar da takalmin gudu da wando mai ƙwari, mu fara da bayan gidajen da ke kan hanya. Amma ya yi shawara da mutanen gidansu tukuna. Ni da na samu zaman da na yi wa gudun nan, na kira matata Hadiza a Damagaram ina ba ta labari, ina dariya ina jira ta yaba. Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Madalla, Malam. Nan ma ana ta sallama da kai a ƙofa shekara da shekaru. In ka gama da na Larabawa, ka zagayo ta baya ka amsa."